Manomi Na Goma Sha Huɗu

Labarin ya iso zaurenmu na waya da hantsin wata Laraba, ina zaune a ofishina da ke Sama Road ina fama da wani fayil da na san ba mai karanta shi. Zauren na tsofaffin ɗaliban ajinmu ne, mu da muka karanta aikin gona a jami'a muka fita shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce. Abin da aka saba yi a cikinsa bai wuce barka da Juma'a da sanarwar suna da ta'aziyya ba, sai gardamar ƙwallo tsakanin mutanen da tumbi ya hana su ɗaura igiyar takalmi. Ranar kuwa hoton wata takarda aka saka. Hukuma ta amince da sabon irin gero da wata 'yar ajinmu ta fitar, an ba da izinin raba shi ga manoma.

Dakta muke ce mata. Ita ce ke zama a bencin gaba tun muna ajin farko, kuma rabin ajin da littafinta ya ci jarrabawa, har da ni. Da muka watse neman ofis da mota, ita sai ta tsaya a jami'ar tana koyarwa, tana haɗa wannan iri da wancan a gonar gwaji, tana zaɓe tana zubarwa, damina bayan damina. Geron nata yana nuna da wuri, yana jure yankewar ruwa, zangarniyarsa kuma na da gashi mai tsini da ke hana tsuntsu sakewa a kanta. Na yi murna har cikin raina, kuma ba zan ɓoye ba, na ji ɗan kishi, irin wanda mutum ke ji idan ya ga wani ya yi da rayuwarsa abin da shi ya taɓa cewa zai yi.

Shugaban ƙungiyarmu mutum ne da ba ya ganin lasifika ya wuce. Kafin azahar ya yanke cewa a taronmu na shekara, wanda ya rage mako uku, za a karrama Dakta a babban ɗakin taro, da lambar girmamawa da masu ɗaukar hoto. Ni ne sakatare, don haka a kaina rubuta tarihin aikin ya faɗa. Da yamma na kira ta na ce ta ba ni abin da zan fara da shi.

"Ka fara da inda irin ya fito," in ji ta. "Ai kai ka kawo shi, Sakatare. Uwar wannan gero duka zangarniya ukun nan ce da ka kawo mini muna ajin ƙarshe. Rubuta sunan mai su a layin farko."

Ban san sunansa ba. A takarduna, mutumin nan manomi na goma sha huɗu ne.

Ga yadda abin ya faru. A shekararmu ta ƙarshe malami ɗaya ne ya duba aikin kammala digirinmu ni da ita. Ita aka ba gwajin ire-iren gero, ni aka ba zagayen ƙauyukan da ke kewaye da jami'a in yi wa manoma tambayoyi, in kuma karɓo mata samfurin irin da kowane ke shukawa. An gargaɗe mu cewa kada sunan kowa ya fito a cikin littafi, lamba ake sa wa mutum, don kada abin da ya faɗa maka bisa amana ya zame masa matsala. Dalili ne mai kyau. Sai dai ni na kai abin inda ba a aike ni ba. Tunda fom ɗin ba shi da gurbin suna, ban ma tambayi kowa sunansa ba. Na ɗauka haka masu ilimin zamani ke yi.

Da kaka ne, a bayan Kwalkwalawa, kekena ya kafe cikin yashi na kife a bakin wata gona, takarduna suka watse. Mai gonar, wani dogon mutum da furfura ta fara yi wa sallama, ya bar damin da yake ɗaurewa ya taya ni tsincewa, ya ba ni ruwa a buta, bai yi dariya ba sai da ya tabbatar ban ji ciwo ba. Ya amsa tambayoyina duka. Da na nemi samfuri sai ya miƙa hannu ga babban tarin hatsi. Na ce a'a, daga wancan ɗan ƙaramin damin da ya keɓe a gindin itace nake so. Wannan shi ne damin iri, zangarniyoyin da manomi ke bi ɗaya bayan ɗaya ya zaɓa kafin a taɓa sauran, ya rataye su har damina ta zagayo.

"Wanga ba a ba wanda ba shi shukawa," in ji shi.

Na ce za a shuka, a gonar jami'a ma kuwa. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya zaro uku, gajeru masu kauri, sun sha gashi.

"Ku 'yan makarantar ga," ya ce, "kowace shekara kuna tahowa da takarda, ku tambayi mutum kaji nawa gare shi, ku tahi. Ban taɓa ganin wanda yad dawo yac ce ga abin da munka gano ba. In kun gano wani abu ga hatsin ga, ka dawo ka hwaɗa mini."

Na ɗora hannu a ƙirji na ce zan dawo. Har da rantsuwa na haɗa, alhali bai nema ba.

Gidanmu gidan malamai ne a cikin tsohon gari. Mahaifina, wanda kowa har mu 'ya'yansa Malam muke ce masa, ba ya fassara kalma ɗaya a zaure sai ya ce daga bakin wane ya ji ta. Idan ɗalibi ya sauke littafi, Malam zai zaunar da shi ya gaya masa wurin wanda shi ya karanta littafin, da wurin wanda wancan ya karanta, a yi ta komawa baya har sai an kai ga mawallafi. Da aka ɗinke aikina da baƙin bango da rubutun zinariya, na kai masa ina ta jin kaina. Ba ya jin Turanci sosai, amma ya buɗe, ya kai ga hoton zangarniya ukun nan, ya ɗora yatsa.

"Wa yab ba ka wanga?"

Na ce wani manomi ne.

"Wane na?"

Na ce na goma sha huɗu, na shiga yi masa bayanin ƙa'idar bincike. Ya saurare ni har ƙarshe, ya rufe littafin. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya miƙe ya ajiye shi a saman taga, shi kaɗai, nesa da kantar da littattafansa suke. A nan ya zauna shekara ashirin da ɗoriya, ana kakkaɓe masa ƙura ana mayar da shi. Duk lokacin da na shiga zauren gaisuwa sai idona ya kai wurin.

Ban koma gonar ba. Bautar ƙasa ta zo, aiki ya zo, aure ya zo. Na bi hanyar jami'a ba adadi, na tsaya a Kwalkwalawa na sayi kifi da gasasshiyar masara, ban taɓa karya kan mota na bi ta bayan gari ba. Ba mantawa na yi ba. Kunya ce ta fara hana ni, daga baya kuma kunyar daɗewa ta hau kan ta farko.

Da na gama ba Dakta wannan labari a waya, sai ta ce, "To ni ba zan karɓi lambar kowa ba sai mutumin nan na wurin, ko magajinsa. Ka yi masa alkawari, ni kuma na ci amfanin alkawarin. Ka nemo shi."

Zauren waya ya kama da hayaniya. Shugaba ya ce an riga an kama ɗakin taro an buga katin gayyata, ba za a tsayar da manyan baƙi don mutumin da ba a san ko yana raye ba. Wani da ya bar aikin gona ya koma lauya ya rubuta dogon bayani cewa a doka ba ta da wani nauyi a kanta. Wani ya ce a rubuta "manoman yankin" kawai a wuce wurin. Wata kuwa, mai gidan kaji a hanyar Dundaye, ta ce duk wanda bai taɓa cika fom a gindin bishiyar makaranta ba tare da ya je ƙauyen ba, ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ɗaga. Dakta kuwa ba ta janye ba, kuma duk mun san ta, idan ta faɗi abu sau ɗaya ta gama magana.

Na fita nema irin na 'yan boko. Na tono tsohon fom daga akwatin ƙarfe, na buga wasiƙa mai hatimin ƙungiya, na sa hula mai kyau na tafi wurin mai unguwa a Kwalkwalawa. Garin ma ya sauya mini. Inda na san gonaki, yanzu ɗakunan hayar ɗalibai ne da shagunan buga takardu da masu cajin waya. Mai unguwa ya karɓe ni da mutunci, ya tara mini dattawa shida a ƙofar gidansa, na buɗe fom na karanta musu abin da na sani game da wanda nake nema: manomi, shekara wajen hamsin a lokacin, gona biyu, jaki ɗaya, yana shuka gero da wake, ba ya samun takin zamani a kan lokaci.

Dattawan suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "Ɗan malam, ai dut garin ga ka karanto." Suka kwashe da dariya har mai unguwa, wanda ya yi ƙoƙarin rufe bakinsa da hannun riga.

Raina ya ɓaci, ba da su ba, da takardar. Shafi huɗu na tambayoyi, na sami maki mai kyau a kansu, amma ba su iya nuna mini ƙofar gida ɗaya ba. Na yi kwana biyar ina bin bayan gari ina neman gonar da na faɗi a bakinta. Ambaliyar da aka yi shekarun baya ta sauya hanyoyi, itacen da na riƙe a matsayin alama babu shi. A rana ta shida ina naɗe takarduna zan tafi, sai ɗaya daga cikin dattawan nan, wani mai ƙaramin jiki da bai yi dariya sosai ba ran farko, ya biyo ni har mota.

"Kac ce hatsi yab ba ka?"

Na ce e.

"To mi kaka yi da takarda? Kawo hatsin."

Ni da digiri a aikin gona, ban taɓa tunanin haka ba.

Dakta ba ta taɓa barin asalin irin ya gauraya ba. Kowace 'yan shekaru takan shuka shi a keɓe, ta rufe kawunansa da jakar takarda, ta adana. Ta ba ni zangarniya uku a cikin ambulan, tana cewa in na ɓatar da su kada in dawo. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na shimfiɗa su a kan tabarmar mai unguwa.

Ban taɓa ganin taron ƙwararru irin wannan ba, kuma na halarci taruka da yawa masu ruwan gora da abin sanyaya ɗaki. Zangarniya ta riƙa bin hannu zuwa hannu. Wannan ya auna ta da tafinsa, wancan ya shafa gashin daga sama zuwa ƙasa sannan daga ƙasa zuwa sama. Wani ya murje ƙwaya kaɗan, ya hure, ya jefa a baki ya tauna yana kallon sama. Aka fara gardama. Ɗaya ya kira wani gida, biyu suka ce a'a, na gidan can ya fi tsawo kuma ƙwayarsa ta fi fari. Aka aika a kira wani tsoho da ba ya fitowa sosai. Ya zo yana dogara sanda, ya karɓa, ko minti bai yi ba ya ambaci suna. Sauran suka ce shi ne, shi ne kuwa. Haka na ji sunan mutumin nan karo na farko, bayan shekara ashirin da ɗoriya.

Na tambaya ko yana da rai.

"Shina nan," in ji mai unguwa. "Amma tun da ruwa yac ci gidanai ya tashi, ya koma wajen Dundaye wurin ɗiyanai."

Washegari da safe na same shi zaune a inuwar zana yana tufkar igiya. Tsawon na nan, amma ya rankwafa, idanunsa sun yi hazo. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa irin amsar da ake yi wa baƙon da ba a gane ba. Duk jawabin da na shirya a mota ya gudu. Sai kawai na zaro zangarniya ɗaya na sa masa a hannu.

Yatsunsa suka bi ta, suka tsaya, suka sake bi. Ya kai ta hanci. Ya kai ta dab da idonsa na dama.

"Ina kas samo wanga?"

Na ce, "Baba, kai ka ba ni."

Sai ya ba ni labarin da ban zo da shirin ji ba. Shekarar ambaliya ruwa ya narkar da rumbunsa, damin iri na ciki. Da ƙasa ta bushe ya bi duk gidajen da ya taɓa ba irin, har ƙauyuka masu nisa, a ƙafa. Ko'ina ya tarar ya gauraya da wani. Ya sayi iri a kasuwa ya ci gaba da noma, amma ya ce tun daga lokacin bai ƙara sanin ɗanɗanon furar gidansu ba. Ya riga ya sallama, ya ɗauka a hannunsa abin ya ƙare.

Ya karkato da kai. "Kai na mai keke? Wanda yak kihe ga yashi?"

Na ce ni ne.

"Ka daɗe," in ji shi.

Iyakar abin da ya ce ke nan game da laifina. Ni da na kai shekarun da yake da su ranar da ya tsince mini takardu, na zauna a ƙasa a gabansa hawaye na zuba, ban damu da matan gidan da ke leƙe ta zana ba. Da na natsu na gaya masa abin da aka gano: yadda hatsinsa ya tsaya kore a gonar gwaji shekarar da sauran suka ƙone, yadda wata 'yar ajinmu ta yi shekaru tana aiki a kansa, yadda jikan irinsa zai shiga gonakin mutanen da bai taɓa gani ba. Ya saurara yana gyaɗa kai kamar ana ba shi labarin ɗan da ya tafi birni ya yi abin kirki.

Na ciro biro na ce ya ba ni cikakken sunansa in rubuta a layin farko.

"Ba nawa na ba," ya ce. "Na innata na."

Ya kira sunan mahaifiyarsa, wadda ta zo da irin a ƙullin zane ranar da aka kawo ta gidan miji. Ita kuma daga babanta ta samu. Shi kuma daga wani ƙanen kakansa da ya yi noma a arewa inda ruwa ba ya daɗewa. Ya yi ta komawa baya, mutum biyar, yana faɗin wane ya karɓa daga wane, har ya kai inda ya ce daga nan Allah kaɗai ya sani. Da muryar da Malam ke karanta jerin malamansa a zaure yake magana, ba bambanci. Na rubuta su duka, na maimaita masa, ya gyara mini biyu.

Da na kawo maganar ɗakin taro da lambar girmamawa, sai ya yi murmushi ya ce shi ba ya hawa bene, kuma ga hadari ya fara haɗuwa, wa zai bar gona a irin wannan lokaci. In akwai sauran irin, a kawo masa ya shuka. In kuma muna son taro, mu zo ranar da zai zaɓi iri.

Na kai wa zauren waya wannan saƙo ina jiran faɗa. Washegari Shugaba ya rubuta cewa bayan dogon nazari, shi da kansa ya ga ya dace a ɗaga taron bana zuwa kaka, a yi shi a gona, domin mu 'yan aikin gona ne. Muka yi ta yaba masa hangen nesa. Dakta ta ɗauki mudu biyu na asalin irin ta kai wa tsohon da kanta, ta tuɓe takalmi ta bi bayansa tana rufe rami da diddige. A tsakiyar damina ruwa ya yanke kwanaki masu yawa, na riƙa zuwa duk bayan kwana biyu ina tsoron kada gonar ta ƙone. Gonakin maƙwabta suka yi yaushi, ganye ya nannaɗe. Tasa ta ɗan sunkuya da rana, da safe ta miƙe. Shi ko a jikinsa, ni yake ba haƙuri.

Ranar taron motoci suka yi layi a bakin hanya har mutanen Dundaye suka fito kallo. Farfesoshi biyu, daraktoci, lauyan nan, mai gidan kaji da ta kawo abincin kowa, duk muka shiga gona da manyan riguna da shaddodi masu sheƙi. Ƙarangiya ba ta san muƙami ba. Kafin a yi nisa kowa ya sunkuya yana cire ta daga safa da bakin wando, masu digiri a aikin gona, manoma na tsaye suna kallonmu cikin ladabi. Dattawan Kwalkwalawa da suka gano irin su ma sun zo, aka ba su tabarmar gaba.

Tsohon ya shiga gonarsa, Dakta na riƙe da hannunsa. Ba ido yake zaɓe da shi ba. Yakan kama zangarniya ya matsa, ya saki, ya wuce goma kafin ya yanke ɗaya. Mu kusan sittin muka bi shi a baya, ba mai magana, har Shugaba. Da damin iri ya haɗu ya ɗaure shi da igiyar da ya tufka, sannan aka ce sakatare ya karanta tarihin aiki.

Na fara da mutum na biyar, na gangaro ɗaya bayan ɗaya. Da na kai sunan mahaifiyarsa sai wata tsohuwa a cikin mata ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Na kira sunansa, na ce shi ya ba ni, ni na kai wa Dakta. Shugaba ya miƙa wa Dakta lambarta, ta karɓa da hannu biyu, muka tafa har tafinmu ya yi zafi. Ban taɓa alfahari da ajinmu kamar ranar ba.

Tsohon ya sa aka kawo masa damin. Ya zaro uku ya miƙa mata.

"Ɗiyata, ki aje wanga wurinku. Ruwa ba shi da tabbas."

Sannan ya juyo inda yake jin muryata. "Mai keke, kai ba ka shuka, ban ba ka." Aka yi dariya har da masu ƙarangiya a wando, ni na fi kowa.

Da la'asar ban biya gida na sauya kaya ba, na wuce cikin gari. Malam ya tsufa ƙwarai, ɗalibai biyu kawai yake iya ɗauka a yini, kuma sun riga sun tashi. Na gaishe shi, na miƙe na sauko da baƙin littafin daga saman taga, na buɗe shafin hoton na ajiye a gabansa. Ya sa tabarau ya duba. Ya gane shi sarai. Ya ɗora yatsa a inda ya ɗora wancan karo.

"Wa yab ba ka wanga?"

Na gyara zama irin na ɗalibi, na faɗa masa. Wane ɗan wance, shi daga innarsa, ita daga babanta, har zuwa na biyar. Ban duba takarda ba. Ya sa na maimaita, ya bi ni da leɓɓansa yana riƙewa. Sai ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, kamar yadda yake yi wa malamansa.

Da ya shafa, ya miƙo mini alƙalaminsa ya ce in rubuta su a bangon ciki. Na rubuta, ya jira tawada ta bushe. Sannan ya nuna mini kantarsa, ya ce in matsa littafin da ke ƙarshen layi na biyu, akwai wuri a nan.